Muttaka da Jan Kwale-kwale

Wata uku kacal Muttaka ya yi yana cin rani a Yamai, yana tallan goro a bakin gada, amma tun da ya dawo Dogon Marke ba wanda ya ƙara shan ruwa a gabansa cikin kwanciyar hankali. Ko moɗa ka ɗauka sai ya ce, "Wanga ruwa ne? Ku dai ba ku ga ruwa ba." Daga nan sai labarin kogi: faɗinsa, zurfinsa, da dorinar da suka haɗa ido har ta sunkuyar da kai. Waɗanda suka tafi tare da shi sun ce ko ɗan yatsan ƙafarsa bai jiƙa ba, daga kan gada yake leƙe. To amma su ba su da baki irin nasa, don haka labarinsa ne ya zauna a gari. Da kansa ya raɗa wa kansa suna Kumandan Ruwa, mutane kuwa suka karɓa, saboda ba su son abin dariya ya wuce su.

Dogon Marke ɗan ƙauye ne tsakanin Tsibiri da Gidan Sori, kuma duk tinƙahonsa tabki ɗaya ne. Da damina gulbi kan yi ambaliya ya cika shi, kifi ya biyo ruwa ya shigo. Ba mai taɓa shi sai bayan an gama kai gero rumbu, ranar da Sarkin Ruwa ya sa. Ran nan gari duka kan shiga ruwa daga gabas, a yi sahu, ana dukan ruwa ana koro kifi zuwa yamma. A can yamma akwai wata mashiga mai faɗin taku biyar wadda ta zarce cikin wani kwari mai zurfi, cike da ciyawa da laka. Kifin da ya kai can ya sha. Wannan mashiga ita ake kira ƙofa. Akan kafa taru a bakinta, mutum ɗaya ya tsaya a tsakiya, ruwa iya ƙugu, ya take igiyar ƙasan tarun da ƙafafunsa biyu cikin laka, kada tarwaɗa ta ɗaga ta wuce. Mai tsaron ƙofa shi ke da kaso mafi tsoka, shi ake fara gaisarwa in an fito. Doka ɗaya ce a kansa: in ya yi sake kifi ya fita, ƙofa ta bar gidansa, ta koma hannun duk wanda ƙafarsa ta take tarun.

Kakan Muttaka ya tsaya a ƙofar nan, ubansa ya tsaya, shi ma ya yi shekara huɗu yana tsayawa, yana mitar sanyi da matsattsaku. A shekara ta biyar ya ce ya gaji da aikin mutanen da. A kwale-kwale zai tsare ƙofa, a zaune, da busasshiyar riga.

Saura mako shida a yi su, wato kamun kifin nan, ya shirya sai Maraɗi, shagon wani Sharifu mai kayan Beljik. Cikin tsofaffin firji da kekuna akwai kwale-kwalen roba guda uku da suka biyo kaya daga Kwatano, sun shekara biyu a jingine ba wanda ya taya.

"Don su kaka so?" in ji Sharifu. "To ga naka." Ya jawo wani kore, gajere, mai faɗi, wurin zamansa a buɗe. "Wanga ba ya birkicewa. Ka zauna, ka miƙe, ka sauka sa'ad da ka ga dama. Shi masunta ka ɗauka."

Muttaka ya taɓe baki. "In shiga gari da wanga, a ce Kumandan ya sayo wa matarsa bahon wanki?"

Sharifu ya nuna na biyu, wanda ake hura wa iska.

"Tarwaɗa guda ta soke shi da ƙaya, in koma gida da tabarma."

Nan dai ya faɗi gaskiya, kuma ita ce ta ƙarshe da ya faɗa a ranar. Idonsa tuni ya faɗa kan na uku, ja wur, dogo, siriri, mai tsini gaba da baya. Samansa a rufe yake ruf, sai ɗan rami a tsakiya inda mutum ke zura ƙafafu ya zauna. Ga sandar tuƙinsa mai faɗi a kai biyu.

"Wanga shi ne jirgi," in ji Muttaka.

Sharifu ya dubi ramin, ya dubi tumbin Muttaka, ya sake duban ramin. "Malam, wanga na tsere ne. Waɗanda anka yi shi dominsu ba su cin tuwo. Shiga ka gwada tukuna."

"Kumandan ba ya gwaji a kan tudu."

"Aƙalla ka zura ƙafa guda."

"Kai jirgi kaka saidawa ko wa'azi?"

Sharifu ɗan kasuwa ne, ba limami ba, nasiha biyu ta ishe shi. Yadda suka ƙare da ciniki wannan tsakaninsu ne. Ya ƙara masa da wata rigar ruwa mai kumburi ta hana nutsewa, mai launin ruwan lemo, ya raka shi har bakin titi yana cizon leɓe.

Motar haya ta ƙi ɗauka. Wani ɗan kabu-kabu mai ƙarar kwana ya yarda, aka gicciya kwale-kwalen a bayan babur, Muttaka ya rungume shi. Kafin su fita gari sun kwashe rumfar mai shayi da kan dama, sun tuntsurar da farantin mai tumatir da kan hagu. Da suka hau buɗaɗɗiyar hanya iska ta sami abin kamawa, ta juya su a hankali ta ajiye cikin tarin karan gero. Ɗan kabu-kabu ya tashi ya kakkaɓe wandonsa, ya ce shi iyakar tafiyarsa ke nan, ko da za a ba shi jirgin kyauta. A amalanken jaki Kumandan ya shiga gari, da ganyen kara a hularsa.

Gari ya fito kallo. Wata tsohuwa ta hango abu dogo a kan amalanke ta fara salati, tana tambaya wa ya rasu. Jaye, makiyayin da ke zaunar da shanunsa a gonar Muttaka kowace kaka don taki, ya zagaya abin sau biyu da sandarsa a kafaɗa, ya leƙa ramin.

"Kwamin shayar da shanu mai kyau," ya ce, "amma bakin ya yi ƙarami. Nagge ɗaya-ɗaya za su sha?"

"Jirgi ne, Jaye."

"To ina kogin?"

"Kogin na cikin kaina."

"Allah ya sa kada ya zubo," in ji Jaye.

Rahina, matar Muttaka, ta ɗago kai daga turmi. Ta dubi jirgi, ta dubi mijinta, ta koma kan dakanta. Washegari ta shanya kuɓewa a bayansa. Kwana biyu kuma kazarta ta gano ramin, ta shige can ciki ta zuba ƙwai ta kwanta. Da Muttaka ya zo zai fara koyon shiga, Rahina ta tare shi da muciya a hannu.

"Maigida, kak ka tada min kaza. Ƙwai goma sha biyu take kwanci."

"Jirgina ne fa!"

"In ta ƙyanƙyashe ka ɗauki abinka. Kai da ka san kogi, mi za ka koya kuma?"

Da bakinsa ta kama shi, ba yadda zai yi. Sai ya kifa turmi a tsakar gida ya zauna a kai, yana tuƙa iska da sandar nan. A kwana na farko ya fasa randa. A na biyu ya tsinke igiyar shanya, zanen Rahina ya rufe masa fuska, ya ci gaba da tuƙi a haka yana cewa hazo ne irin na kogi. Maƙwabta suka riƙa hawa katanga bayan la'asar, wasu har da gyaɗarsu.

Ana saura kwana biyu Sarkin Ruwa ya zo da kansa. Kawu Ilyasu ke nan, ƙanen uwar Muttaka, tsoho mai ƙarancin magana. Ya tsaya ya ƙare wa jirgin kallo.

"Muttaka, yaya za ka tsare ƙofa da wanga?"

"Da sauƙi, Kawu. In gicciya shi a bakin mashiga awa sakata. Tsawonsa daidai da ita, na auna da ido. In ɗaure saman taru a jikinsa, in zauna ina kallo."

"Ƙasan tarun fa?"

"Nauyinsa shi riƙe shi."

"Tarwaɗa ba ta sama take bi ba. Laka take bi."

"Tarwaɗar da ta ga jirgi irin wanga ja, tsoro ba zai bar ta ta matso ba."

Kawu ya ce, "Ubanka ya tsaya nan shekara talatin. Ka san doka. Kuma ka sani ranar su ni ba kawun kowa ba ne."

"Kawu, zamani ya canza."

"Ban ji an ce ya gaya wa kifi ba," in ji tsoho, ya ɗauki sandarsa ya fita.

Allah ya taimaka kaza ta ƙyanƙyashe ana gobe su. Da hantsi bakin tabki ya cika maƙil. Mutane sun zo daga Gidan Sori, wasu har daga Sae Sabuwa, maza da homar kwasar kifi da gora, mata da kwanduna. Jaye ya tsayar da shanunsa a gefen yamma, yana jira a gama ruwa ya kwanta su sha. An riga an kafa taru a ƙofa. Daga bakin ganga zuwa can taku ashirin ne, kowace shekara da ƙafa Muttaka ke zuwa. Bana kuwa ya fito da farar riga, rigar ruwa a samanta, da tabarau, bayan ya loda ɗumame kwano biyu don ƙarfin tuƙi.

Ƙafafu suka shiga rami lafiya. Ƙugu ya shiga da ƙyar. Tumbi ya ce bai san zance ba. Sai da ƙarti biyu suka dafa masa kafaɗu suka danna, yana riƙe da numfashi, aka ji wani ɓut, Kumandan ya zauna daram.

"Kun gani? Awa an auna ni," ya ce, muryarsa ta ɗan shaƙe.

Aka tura shi ruwa. Ya tsoma sanda ta dama ya ja da ƙarfi, jirgi ya juya hagu. Ya ƙara ja, ya ƙara juyawa. Sau uku yana dawowa yana fuskantar jama'a, kowane zagaye sai ya ɗaga musu hannu kamar da gangan ya yi.

"Kumandan, ƙofa na bayanka!"

"Na sani! Ruwan nika dubawa!"

"Kifi na ganinka, mai jan jirgi!" wani ya ƙwala, dariya ta kece har cikin mata.

Da ya canza hannu sai jirgi ya tafi da baya, ya kafa tsininsa cikin laka. Jaye ya miƙo doguwar sandarsa daga ganga ya tunkuɗa shi, ya kora shi har ƙofa kamar yadda yake kora maraƙi. Jirgi ya gicciya a bakin mashiga. Gaskiya dai idon Muttaka bai yi ƙarya ba, tsawon ya zo daidai. Ya ɗaure saman taru gaba da baya, ya naɗe hannuwa a kan tumbi, ya ɗaga murya.

"Kawu, ƙofa a kulle! A sako su!"

Kawu Ilyasu ya yi addu'a, ya ɗaga sanda ya sauke. Sahu ya faɗa ruwa daga gabas da ihu da dukan ruwa. Tabki ya ɗauki motsi. Tun daga nesa ana ganin ruwa yana tafasa, yana gangarowa yamma.

Da farko Muttaka ya ji ɗan taɓi a ƙarƙashinsa. Sai wani. Sai kuma abin ya zama kiɗi, dum-dum-dum a cikin jirgin roba, tun daga diddige har mazaunai. Ya leƙa dama ya ga tarwaɗu baƙi ƙirin suna nutsewa. Ya leƙa hagu ya ga su suna ɓullowa cikin ciyawar kwari, suna kaɗa wutsiya. Sun ɗaga ƙasan taru kamar labule suna wucewa sahu-sahu, manya na gaba.

"Kifi na hita!" Rahina ce ta fara gani daga ganga. "Maigida, sauka ka taka taru!"

"Ba hita sukai ba, dubawa sukai!"

"Sauka, Muttaka!" in ji Kawu, kuma ba a taɓa jin ya ɗaga murya haka ba.

Nan fa Muttaka ya tuna da doka. Ya dafa gefen rami ya yunƙura. Ko motsi. Ya fitar da numfashi duka ya sake yunƙurawa. Abin da ƙarti biyu suka danna, mutum ɗaya ba ya cire shi. Ya ɗauki sandar tuƙi ya leƙa gefe, wai ya danna igiyar ƙasa da ita. Ya miƙa, bai kai ba. Ya ƙara miƙawa.

Jirgin tsere bai san wasa ba. Ya mirgina sau ɗaya cikin natsuwa, sai ga jan cikinsa a sama yana sheƙi, hula da tabarau suna yawo a gefe, kumfa na tasowa.

Rahina ta kurma ihu. Jaye ne mafi kusa, bai tsaya tunani ba ya faɗa ruwa da rigarsa. Laka ta kama shi, ya lalubi wuri mai tauri da ƙafa, ya ji igiya ya taka, ya kawo ɗaya ƙafar ya taka. Ya rungumi jirgi ya juya shi da ƙarfin mai kada bijimi. Muttaka ya ɓullo baƙi ƙirin da laka, ciyawa a kunne, yana tari yana feso ruwa.

"Da gangan..." ya fara, sai jirgi ya sake karkata. Jaye ya riƙe shi gam.

To a lokacin ne sauran kifin suka iso, suka tarar ƙasa a rufe. Suka taru a ƙafafun Jaye, suna goga masa santsi da gashin baki. Mutumin da bai taɓa sa kifi a baki ba, ko warinsa ba ya so, ya ɗaga kai sama yana kururuwa.

"Wayyo Allah! Suna lasa ta! Ku zo ku cire ni!"

"Kak ka ɗaga ƙafa, Jaye!" in ji Rahina.

"Kak ka saki jirgi, Jaye!" in ji Muttaka.

Haka ya tsaya, ido a rufe, yana ambaton Allah da Fulatanci, har sahu ya iso aka yi ta kwasa da homa ana cika gora. Rabin kifin tabki, kuma manyan, sun riga sun shige kwari. Rabin da ya rage ƙafar Jaye ce ta tsare shi, kuma idon mutum ɗari ya gani.

Aka jawo jirgi kan ganga da mai shi a ciki. Mutum huɗu suka ja shi ta hammata, ya ƙi fita. Wani ya ce a zuba man gyaɗa, wani ya ce a jira ɗumame ya narke, wani ya ce a kira maƙeri. Ana cikin haka Kawu Ilyasu ya zo ya tsaya a kansa.

"Kifi ya hita ta ƙofa?"

"Kawu, waɗanda sunka hita tsofaffi ne, namansu da tauri..."

"Ya hita ko bai hita ba?"

Muttaka ya waiwaya. Ya dubi mashigar da ubansa ya tsaya shekara talatin, ya sunkuyar da kai. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, har masu dariya suka ji kunya suka kau da ido.

"Ya hita," ya ce a hankali.

"Ƙafar wa ta take taru?"

Jama'a suka juya suka dubi Jaye, wanda ke gefe yana goge ƙwaurinsa da yashi.

"Daga yau ƙofa ta Jaye ce," in ji Kawu. "A kai masa kasonsa."

Jaye ya yi tsalle da baya kamar an miƙa masa maciji. "Ni? Sarkin Ruwa, ka ji tsoron Allah! Ni ko cin abin nan ba ni yi! Mutum na zo ceto!"

"Doka ba ta tambaya ko kana ci."

Aka dire masa kwando biyu shaƙe da tarwaɗa. Ya dube su, ya toshe hanci, ya dubi Muttaka da ke zaune cikin ja da laka, ya daɗe yana sosa ƙeya. Sannan ya tura kwando ɗaya da sandarsa zuwa gaban Rahina.

"To, tunda an ɗora min, ba ni jayayya da manya. Amma wallahi ba ni sake shiga ruwan nan. Muttaka, baɗi ka zo ka tsaya min a ƙofata. Abin da anka samu mu raba."

Muttaka ya ji maganar "ƙofata" har cikin ƙashi. Amma hali zanen dutse. Ya share lakar fuska, ya gyara zama iyakar yadda ramin ya bari, ya yi gyaran murya.

"To, sai na duba. Ka san mutum irina, ana nemana wurare da yawa. Ko Yamai ma..."

Rahina ta ɗora kwando a ka, ta gyara ɗaurin zanenta.

"Zai zo, Jaye," ta ce. "Kuma da ƙafafunsa zai zo, in Allah ya sa mun samu mun hiddo su."